Hoton da Aka Ɗauke Ni Daga Sama

Wata biyu da haihuwata aka sake rufe gari saboda korona. A lokacin muna zaune a Sri Petaling, a hawa na tara na wani dogon bene, ni da maigidana da jaririyarmu. Shi karatun digiri na uku ne ya kawo shi Malesiya, ni kuwa aure ne ya kawo ni. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina karanta Hausa sarai, Turanci kuma sai wanda ake sayen tumatir da shi.

Da ba don cutar ba, da Innata ta zo ta yi mini wankan jego. Jirgi bai tashi ba, sai na yi jegona ni kaɗai da ruwan butar lantarki. Daga nan jikina ya fara ƙi. Ƙasusuwana suna ciwo kamar an kwana ana dukana, in na tashi daga sujada sai na dafa bango. Abin da ya fi wannan kuwa, kan nonona ya tsage, duka biyun. Duk sanda yarinya ta kama sai na ciji gefen mayafi. Ran da na ga jini a bakinta na rasa inda zan sa kaina, har saƙo na aika wa malamarmu ta islamiyya a Kano ina tambayar ko akwai zunubi a kaina in yarinya ta haɗiyi jini. Ta ce babu, in je asibiti.

Likitar wata 'yar Malesiya ce mai lulluɓi. Ta auna jinina, ta ce akwai wani sinadari da jiki ke samu daga hasken rana, nawa ya yi ƙasa ƙwarai. Ta tambaye ni yaushe rabon da rana ta taɓa fatata. Maigida ya fassara mini, na yi ta lissafi, na kasa tunawa. Ta ba ni ƙwayoyi da man shafawa, ta ce in riƙa samun ranar safe na ɗan lokaci a hannu da ƙafa, da baya in ya samu. Nono kuma ta ce in riƙa barin sa ya sha iska. Ba ta ce in sa shi a rana ba. Wannan dole in faɗe shi don kada in ɗora mata abin da ba ta ce ba. Inna ce ta ce, a waya.

"Ke, rana ai magani ce. Ki saki zani ki ba ƙirjin hantsi. Mu da haka muka yi goyonku, wa ya san wani man asibiti?"

A gidanmu na Kano wannan ba abin magana ba ne. Mai jego tana zama a tsakar gida da zani a ƙugu, tana shan hantsi, babu mai kallon ta sau biyu. Namiji ba ya wuce zaure sai da sallama. In kuma wani zai hau rufi gyaran indararo kafin damina, sai ya tsaya ya ɗaga murya tukuna: "Za a hau sama, mata a kintsa!" Sai maƙwabta sun amsa sannan ya taka tsani. Ni da haka na tashi. A sanina, ido ta ƙofa yake shigowa, ko ta kan katanga.

Saboda haka sai da na yi kwana uku ina shiri kafin in zauna a barandarmu. Na ɗaura igiya, na rataya zannuwa biyu tun daga ƙasa har suka wuce kaina in ina zaune. Na toshe gefen hagu da na dama. Na leƙa tagar da ke daidai da tamu a benen da ke fuskantar mu, na tabbatar ba ta hango ni. Na sa maigida ya ɗauki shara ya sauka ƙasa da takunkuminsa, ya ɗaga kai ya duba. Ya dawo ya ce ba a ganin komai. Na sake tura shi washegari don hankalina bai kwanta ba, ya tafi yana gunaguni. Duk wannan binciken, ban ɗaga kaina sama ba ko sau ɗaya. Benen da ke gabanmu ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba, kuma kowace taga a can sama tana kallon barandata kamar yadda mutum ke kallon cikin kwano.

Kwana shida na yi ina shan hantsi. Nakan kulle ƙofar gida, in kwantar da yarinya a ciki, in shimfiɗa tabarma, in sauke zani zuwa ƙugu, in yi ta istigfari har lokacin ya cika. Tsagar ta fara bushewa. Har na fara jin ni ma mutum ce.

A rana ta bakwai, wajen azahar, maigida ya fito daga ɗakin da yake karatu, waya a hannu, ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ba rasuwa ba ce. Zauna."

Akwai guruf na waya da duk mazauna benayen biyu ke ciki, inda ake sanar da ɗauke ruwa da gyaran lif. A nan wani ya sa hotona, shi maigida ya nuna mini. Daga sama aka ɗauke shi, an jawo shi kusa. Ga ni zaune, kai a sunkuye, ɗankwali ya rufe fuskata, sauran kuwa babu abin da ya rufe. A ƙasa an yi rubutu da Turanci. Na ce ya fassara mini, ya ƙi, na nace. Wai nan ba bakin teku ba ne, akwai yara a gidan, a ja wa mai wannan baranda kunne.

Ban yi kuka a lokacin ba. Banɗaki na shiga na yi amai.

Kafin la'asar an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa daga ofishin manaja, gargaɗi ne a kan shigar da ba ta dace ba. Maigida ya sauka ya same shi. Da ya dawo na tare shi tun daga ƙofa.

"Shi wanda ya ɗauka fa? An ba shi tasa takardar?"

"Manaja ya ce a yi haƙuri lah, irin maganarsu ta nan, ba su da ikon hana mutum tsayawa a tagarsa. An dai cire hoton daga guruf."

"Tsayawa a taga daban, ɗaukar matar mutane daban! Ni da na rufe kaina ta ko'ina ni ce mai laifi, shi da ya zauna ya saita waya a kan ƙirjina shi ne mai kare tarbiyyar yara? Kwana nawa ya yi yana kallo kafin ya ɗauka? Ka tambaye su wannan?"

Bai tambaya ba. Har yau ban san ko namiji ne ko mace ba. Lambar da ta sa hoton babu suna a kanta.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Baƙi ne, ba su san ni ba, ba su san gidanmu ba. Amma a hawa na sha biyu na benenmu akwai wata Bahaushiya, matar wani malamin jami'a, wadda duk muke kira Hajiya. Ita ce babba a cikin matan Hausawan yankin, daga Sri Petaling har Bukit Jalil, ita ce kuma mai riƙe da namu guruf ɗin na mata. Kafin a cire hoton ta riga ta kwafe shi. Washegari da safe ta sa shi a guruf ɗin mata, ta bi shi da saƙon murya.

"Assalamu alaikum matan albarka. Ni dai ban kira sunan kowa ba, kuma fuska ba ta fito ba. Amma wannan ƙasar mutane ce, kada a ja mana zagi. Wadda ke sha'awar shan rana irin ta Turawa, in an buɗe gari ga bakin teku nan."

Fuska ba ta fito ba, gaskiya ne. Amma zanin da na rataya ya fito fes. Atamfa ce kore mai zanen fitila, wadda surukata ta zaɓa da hannunta ta sa mini a lefe. Babu taron matan nan da ban sa ta ba. Duk wadda ta ga hoton ta san ko wace ce. Kuma kusan kowace mace a guruf ɗin tana da 'yan'uwa a Kano, Hajiya ma ƙanwarta tana aure a unguwar su maigida. Daga wannan safiyar abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: kada hoton nan ya isa hannun surukata.

Su kuwa matan, da yake kulle ya ishi kowa, sai suka samu abin yi. Akwai wata mai karatun digiri na uku da muke kira Dakta tun ba ta gama ba, ita ta fara amsawa.

"Hajiya, ni ba ma tsiraicin ne ya dame ni ba. Fatar wurin nan siririya ce, ranar ƙasar nan kuma tana ƙuna. Irin wannan ne ke kawo kansar fata, a kiyaye."

Wata ta katse ta. "Haba Dakta, baƙar fata? Kakata ta yi shekaru tana noma ba riga, ta mutu da haƙoranta talatin da biyu."

"Baƙar fata ma tana ƙonewa, je ki karanta."

"Mu da ba mu da digiri a bar mu da kakanninmu."

Sai wata amarya da ba ta daɗe da zuwa ba ta shigo. "Ni fa a ganina jikinta ne, barandarta ce. A Turai ko a jikinsu, mata na kwanciya a bakin ruwa babu mai ɗaga kai."

"To amarya, in an buɗe jirgi boleh, in ji 'yan ƙasar nan, wato babu mai hana ki, sai ki wuce Turan. Ki gaya wa angon ya sayo miki ɗan kamfai."

Aka yi ta turo dariya. Aka shiga musu a kan ko Turawa sun fi mu lafiya, ko bakin teku wurin kowa ne ko wurin wanda ya riga zuwa, ko gwamnati tana kama masu yin haka a ƙasar nan. Ina zaune a ƙasan kicin, yarinya tana tsotso, ina cije mayafi, ina sauraron su ɗaya bayan ɗaya. Maganar kansa ta shige ni, na je gaban madubi ina duba fatata, duk ɗigon da na gani sai gabana ya faɗi. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin saƙonnin nan duka babu wadda ta ce, anya matar nan lafiyarta ƙalau? Sun san na haihu. Sun san babu uwa a kusa da ni. Babu kuma wadda ta ce, shi wanda ya ɗauki hoton Allah ya isa. Ita ma amaryar da ke ganin tana kare ni, so take ta mai da ni mai neman 'yanci irin na Turawa. Ni ba 'yanci na fita nema ba, nonona ne ya tsage.

Can sai wata ta tono wani tsohon hoto ta sa kusa da nawa. Na gane shi nan take. Kafin korona mun taɓa zuwa bakin teku da mazajenmu a mota ɗaya. Muka tarar da wasu Turawa biyu mata kwance rub da ciki a kan yashi, sun kwance igiyar baya. Ɗayarmu ta ɗauke su a ɓoye, a hanyar dawowa waya ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu. Na karɓa, na kalla, na ce a'uzubillahi, na yi dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa tunanin matan nan suna da uwaye ba. Wannan ya hana ni sakat kwana da kwanaki, ina ta tambayar kaina ko alhakinsu ne ya kama ni. Na yi musu istigfari iya iyawata, ko da yake ban san ko ana yi wa irinsu ba. Amma ko da alhaki ne, bai wanke Hajiya ba.

Maigida ya ce in yi shiru. "Magana ce, kwana biyu za ta mutu. In kika tanka kin tabbatar ke ce."

"Akwai wadda ba ta san ni ce ba?"

"Mijinta babba ne a cikinmu, kin sani. Kada ki haɗa ni faɗa da mutane a ƙasar da ba tamu ba."

"Malam, jikin matarka ne ke yawo a wayoyi. Kai ka sauka ka duba ka ce ba a gani."

Ya sunkuyar da kai. Na san na soke shi, na san kuma ni na tura shi ƙasa, ban tura shi sama ba. Amma ban janye ba. Na ɗauki waya na kira Hajiya.

"A'a, ƙanwata! Ya jego? Ya 'yar tawa?"

"Lafiya lau, Hajiya. Tambaya ce da ni. In kin ga zanin mace ya kwance a kasuwa, ɗaura mata za ki yi, ko mutane za ki kira su zo su gani?"

"Au, ke ce? Wallahi ni nasiha na yi, ban kira suna ba."

"Hajiya, kin san atamfar nan, ke kika raka ni wurin telan da ya ɗinka rigarta. Lambata tana wayarki. Hawa uku ne tsakanin ƙofarki da tawa. Nasihar ba ta iya saukowa hawa uku ba, sai ta bi ta wayar mata arba'in?"

"Ke yarinya, ki iya bakinki. Na girme ki."

"Don kin girme ni ne na zaci za ki rufa mini asiri. Ciwo nake yi, Hajiya. Jini yarinyar nan ke sha tare da nono. Kin tambaya?"

"To ai ba ki faɗa ba. Da kin faɗa da an san abin yi." Muryarta ta sauka kaɗan. "Bari in goge."

Ta goge a wayarta. A wayoyin sauran kuwa ya riga ya zauna. Ta sa saƙo cewa a rufe maganar, kowa ta goge, aka amsa da to Hajiya, to Hajiya. Ban yarda da ko ɗaya ba.

Kwana huɗu na yi ina firgita duk sanda waya ta yi ƙara. A na biyar na ga gara surukata ta ji daga bakina. Na jira bayan la'asar, lokacin da hantsi ya yi a Kano, na yi alwala, na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi ɗanta, ta tambayi takwararta, ta tambayi cutar. Gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan fara.

"Umma, akwai wata magana da nake so ki ji daga gare ni."

"Ta hoto?"

Na zauna a ƙasa.

"Shekaranjiya wata ta shigo da shi," in ji ta. "Wai in duba mata ko na san zanin. Na ce ban san shi ba, atamfa ai ba guda ɗaya kamfani ya buga ba. Na ce ta fitar mini da shi daga gida, kuma ta ji tsoron Allah."

Na fara yi mata bayanin likita da tsagar da zannuwan da na rataya, ina yi ina shessheƙa. Ta bar ni na gama.

"Na ji. Ni ma na yi jego, na san abin. Amma 'yar nan, ke ma da kin ɗaga kai."

"Haka ne, Umma."

"Nonon ya warke?"

"Da sauƙi. Umma, wace ce ta kawo? Su wa suka gani?"

"Kada ki tambayi abin da amsarsa za ta hana ki barci. Ki sha maganinki."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau, Allah ya saka mata. Amma na ajiye wayar da nauyi biyu. Tsohuwa mai tasbaha a hannu ta yi ƙarya saboda ni. Kuma abin da nake gudu ya riga ya faru tun ina zaune ina gadin waya.

Ban sake zama a barandar ba, ko shanya maigida ke yi. Ƙwayoyin suka yi aikinsu a hankali, tsagar ta ɗauki wata guda kafin ta rufe.

Da azumi ya matso, Hajiya ta turo irin saƙon nan da ake tura wa kowa, cewa duk wadda ta ɓata wa da sani ko da kuskure ta yafe mata. Mata suka yi ta amsawa, mun yafe, mu ma a yafe mana. Na rubuta na yafe, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa, don na san ƙarya zan yi, kuma ina tsoron shiga azumi da ƙarya. Na aika wa malama tambaya ko za a karɓi azumin wanda ke riƙe da wani a zuci. Ta ce yafiya ta fi, amma in ina yi mata sallama na fita daga gaba. Saboda haka duk sanda muka haɗu a lif ina gaishe ta, ina wuni Hajiya, ta amsa, mu kalli ƙofa har ta buɗe.

Mun dawo gida yanzu. In an yi biki ko suna a unguwar su maigida ina zuwa, in durƙusa in gaida manya, a ba ni wuri in zauna. Kowa yana yi mini fara'a. Ni kuwa ina bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wace ce ta gani, wace ce ta nuna wa mijinta, wace ce har yanzu yana wayarta. Abincin bikin nakan bar shi a kwano. Kuma har yau ban rubuta wa Hajiya amsa ba.